Ranar da Baba Ya Ga Teku Daga Sama

Na kwana biyu ina tuƙi a wani gida a unguwar Mesaimeer ta Doha kafin a damƙa mini kula da dattijon gidan. Da farko 'yan makaranta nake kaiwa ina ɗaukowa, in je cefane, in wanke motoci. Da aka yi wa tsohon aiki a ƙugu, tafiya ta gagare shi sai a keke, babban ɗansa, wanda shi ne kafil ɗina, wato wanda ya tsaya mini a takardun aiki, ya kira ni ya ce daga yau aikina ɗaya ne, mahaifinsa. 'Ya'yansa yuba suke ce masa. Ni kuwa Baba nake kiransa, kamar yadda zan kira sa'an mahaifina a Funtuwa, bai kuma taɓa hana ni ba. Shi kuma ya waladi yake ce mini, wato ɗana, ko da yake furfura ta fara leƙowa a gemuna.

A ƙuruciyarsa Baba ma'aikacin jirgin ruwa ne, irin na katakon nan masu filafilai. Har ya tsufa bai rabu da son ruwa ba. Idan zafi ya sassauta bayan la'asar, nakan sa shi a mota mu tafi Al Wakrah, in tura kekensa har tashar masunta, ya zauna yana kallon jirage suna shigowa. Da guntun Larabcin da na taho da shi daga islamiyya da wanda na tsinta a titin Doha muke hira. Wata rana a nan ya ce mini:

"Ka ga ƙasar nan tamu, a shimfiɗe take. Na yi iyo a teku, na sha gishirinsa, ya cinye mini abokai. Amma ban taɓa tsayawa a kan tudu na dube shi daga sama ba."

Na ce, "Baba, ga dogayen benaye can a bakin ruwa. Gobe ma sai in kai ka."

Ya kaɗa hannu. "Ta cikin gilashi? Wannan ai talabijin ce. So nake iska ta buge ni a fuska."

Ban san yadda maganar ta kai kunnen Maigida ba, wato ɗan nasa. Da hutun bazara ya matso, sai ya sanar cewa gidan za su tafi yawon shaƙatawa a jirgin ruwa, su zaga tsibiran Girka. Baba ya ce ya yarda, amma ƙafarsa ƙafata, domin ni kaɗai na iya ɗaga shi ba tare da na taɓa wurin ciwon ba. Aka karɓi fasfona, aka nemo mini biza. Ranar Juma'ar da na je unguwar Mansura yi wa abokaina sallama, na sha tsiya. Wani mutumin Yawuri da ke aikin gadi ya ce shi dai bai taɓa jin Bakatsine ya shiga ruwan da ya wuce gwiwa ya fito da mutuncinsa ba. Na yi dariya tare da su.

Mun tashi ta jirgin sama zuwa babban birnin Girka, daga can muka shiga na ruwa: Baba, Maigida, matarsa, 'yan matansu biyu, da ni. Jirgin kuwa unguwa guda ce aka ɗora a kan ruwa. Akwai kantuna, akwai wuraren cin abinci, akwai na'urar hawa bene, har da ɗan asibiti. In ba ka leƙa waje ba, ba ka sanin ana tafiya. Kwanakin farko mun sauka a wurare masu sauƙin tafiya, na tura Baba a bakin gaɓa, ya sayi soyayyen kifi, ya ce bai kai na gida ba.

Sai ranar da muka iso tsibirin Santorini. Da hantsi na tura Baba saman jirgin, muka tarar an riga an tsaya. Duwatsu ne suka kewaye mu kamar muna cikin wata ƙatuwar ƙwarya da ta fashe, ruwa ya cika ta. An ce dutse mai aman wuta ne ya tarwatse tun zamanin da, teku ya shige cikin ramin. Jikin dutsen a tsaye yake cak, layi baƙi, layi ja, layi ruwan toka. Can a ƙolinsa kuma ga wani fari fat ya bi bakin dutsen ya tafi. Na rantse da farko na ɗauka auduga ce aka tara, irin yadda take yin tsibi a garinmu da kaka. Sai da na ƙura ido na gane gidaje ne, ɗaya a kan ɗaya, sun manne a wurin da ko akuya sai ta yi tunani kafin ta hau.

Ba mu kaɗai muka zo ba. Ga wasu manyan jiragen irin namu sun yi sahu, kowanne yana amayo mutane cikin ƙananan jirage masu inji, su kuma suna ta kaiwa da komowa kamar tururuwa ta samu sukari. Wani ma'aikacin jirginmu ya dubi keken Baba, ya ja Maigida gefe ya ce masa yau tsibirin a cike yake, garin kuma duk matakala ne, shi dai da a ce mahaifinsa ne da bai fita da shi ba.

Maigida ya dawo ya durƙusa gaban keken. Mutum ne mai kirki amma mai gaggawa, ya saba da ofis inda abu yake faruwa da zarar ya faɗa. Ya ce, "Yuba, daga nan ma ai ana ganin komai. Mu zauna, in sa a kawo maka shayi."

Baba bai dube shi ba. Ya nuna farin da ke saman dutsen. Ya ce, "Daga nan ƙasa ce. Yalla, mu je."

Farkon abin da ya burge ni a ranar shi ne mutanen ƙaramin jirgin da ya zo ɗaukarmu. Babban jirgin a tsaye yake ƙyam, ƙaramin kuwa yana hawa yana sauka da igiyar ruwa, tsakaninsu ga rata tana buɗewa tana rufewa. Na ɗauko Baba a hannuna na tsaya a bakin ƙofa. Wani Bagirke mai farin gashin baki ya ɗaga mini hannu, alamar in dakata. Bai dube ni ba, ruwan yake kallo. Ya bar igiya ɗaya ta wuce, ya bar ta biyu, sannan ya yi wata 'yar tsawa, kafin in ankara shi da abokinsa sun karɓe tsohon sun zaunar da shi kamar an ajiye ƙwai. Ni ma haka suka finciko ni. Baba ya kama hannun mutumin ya jijjiga, ya juyo ya ce mini, "Wannan ya san ruwa." Tun da nake da shi ban taɓa jin ya faɗi haka a kan kowa ba.

Tashar da aka sauke mu 'yar siririya ce a gindin dutsen. Hanyar hawa biyu ce. Ko ka bi wata doguwar matakala mai lanƙwasa, a ƙafa ko a kan alfadari, ko ka shiga wasu akwatuna masu tagogi da ke rataye a igiyar ƙarfe, inji ya ja ku sama. Layin akwatunan ya miƙe, ya lanƙwaso, ya sake miƙewa. Muka bi. Rana ta take, ga warin kashin alfadarai, ga harsuna iri-iri, wasu ma ban taɓa jin irinsu ba duk da zaman Doha da ya tara mini jinsin duniya. In ka cire ɗawafin da na yi lokacin umara, ban taɓa shiga matsi irin wannan ba. Abin mamaki, ba mai ture wani. Wata dattijuwa 'yar gajeriya da ke bayanmu ta miƙo lemarta ta rufe kan Baba, ita ta tsaya a rana, haka muka riƙa matsawa tare har muka kai. Ba mu yi magana ba, don ba harshen da ya haɗa mu.

Da aka naɗe keken aka sa mu a akwatin, ya tashi ya fara lilo a sararin Allah, na runtse ido ina karanta duk abin da ya zo bakina. Baba yana ta dariya yana zungurina da gwiwar hannu.

"Buɗe idonka, ya waladi! Wanda ya hau itacen filafilai cikin guguwa ne yake gaya maka, wannan ba komai ba ne."

Ban buɗe ba sai da na ji an tsaya.

A sama muka faɗa cikin garin sosai. Lunguna ne matsattsu kamar na cikin birni, sai dai an daɓe su da duwatsu, bangaye sun sha farar ƙasa har suna kashe ido, ƙofofi da tagogi shuɗaye, furanni ja sun zubo daga saman katanga. Kowane taku kanti ne, kowane kanti a cike. Uwargida da 'yan matan suka ce za su shiga sayayya, aka yi alkawarin haɗuwa a wurin akwatunan. Muka rage mu uku.

A nan matsalar ta fito. Duk inda aka samu ɗan buɗi da ke kallon teku, mutane sun yi masa katanga, kowa ya ɗaga waya yana ɗaukar hoto, na baya na jiran na gaba ya gama. Mai tsaye yana iya leƙawa ta saman kafaɗu. Wanda ke zaune a keke kuwa ba abin da yake gani sai jakunkuna da ƙugun jama'a. Na gwada nan, na gwada can, duk ɗaya. Baba ya ce:

"Na bar ƙasata, na hau dutse, don in zo in kalli bayan wandunan Turawa."

Maigida ya tambayi wani mai sayar da huluna, mutumin ya ce mu bi hanyar da ta bi bakin dutsen zuwa sama, can mutane sun ɗan ragu. Muka kama hanya. Tayoyin keken suna ta faɗawa tsakanin duwatsu, haƙoran Baba har haɗuwa suke yi. Muka sha wata kwana, sai ga matakala a gabanmu, doguwa, mai tsayin taku, faɗinta bai fi na mutum uku ba. Ni na kama baya, Maigida ya kama gaba, muka hau kaɗan, muka maƙale. Keken ya tokare hanya. Masu saukowa sun tsaya, masu hawowa sun taru a bayanmu, lungun ya cika dam.

Na san yadda ake yi a titin Doha idan motarka ta mutu a tsakiyar hanya, don haka na shirya jin tsaki da zagi. Maigida gumi ya jiƙe masa riga, fuskarsa ta nuna kunya ta kama shi. Ya ce da ni ƙasa-ƙasa, "Khalas. Mu koma."

Kafin mu juya, wani ƙaton Bature da rana ta gasa har ya yi ja kamar tattasai ya miƙa wa matarsa waya da hula, ya sunkuya ya kama tayar hagu. Wani siririn mutum mai tabarau, da alama daga gabashin Asiya yake, ya kama ta dama. Can sama kuma wani ɗan garin da ke ɗauke da katan-katan na ruwan roba a kafaɗa ya ajiye kayansa, ya buɗe murya da harshensu da Turanci, yana kaɗa hannu, jama'a suka manne da bango. Aka ɗaga keken sama da Baba a ciki.

Abin da ya biyo baya har yau ban manta shi ba. Da muka kai inda matakalar ta huta, Baturen nan yana haki ya saki, wani da ke saukowa ya juya ya karɓe shi ba tare da an roƙe shi ba. A hutu na gaba wasu biyu suka canji waɗancan. Akwai wata mace mai ƙarfi, mai gajeren gashi, da ta ture mijinta gefe ta kama da kanta. Ba wanda ya san sunan wani, ba wanda ya tsaya jiran godiya. Kowa ya ɗauki rabonsa ya sauke, ya koma harkarsa. Ni da ke baya sai na ji nauyin ya ragu har kamar keken da kansa yake hawa. Baba kuwa ya dafa hannuwan keken ya miƙe wuya, yana raba albarka dama da hagu da Larabci, mutane na yi masa tafi. Daga baya ya ce mini ko ranar aurensa ba a yi masa irin wannan gata ba.

Mun kai sama, amma zafi ya riga ya yi aikinsa. Ina gyara masa ƙafa na ga leɓensa ya bushe, idonsa ya yi nauyi, kansa yana rinjaya gefe. Ruwan da muka taho da shi ya ƙare. Babu inuwa ko ta tafin hannu, bangon nan fari sai mayar da rana yake yi. Maigida ya rikice yana kiran yuba, yuba, yana yi masa fifita da hula.

A gefenmu akwai wata ƙaramar ƙofa shuɗiya. An rataya mata allo da Turanci, Maigida ya ce an rubuta gidan mutane ne, a yi haƙuri kada a shiga, kada a hau rufin ɗaukar hoto. Ƙofar nan ce ta buɗe. Wata tsohuwa ta leƙo, baƙar riga har ƙasa, ɗankwali ɗaure a haɓa, da butar ban ruwan furanni a hannunta. Daga fuskarta na ga ta fito ne ta kori masu hayaniya. Ta dube mu, ta dubi Baba. Sai ta ajiye butar, ta wangale ƙofar, ta yafuto mu.

Bayan ƙofar wata matakala ce ta gangara ƙasa, matsattsiya ƙwarai, keke ba zai bi ba. Na sunkuya zan ɗauki Baba kamar yadda na saba, Maigida ya dafa kafaɗata.

"Bari," in ji shi. "Ɗora mini shi."

Ya juya ya durƙusa. Na ɗago tsohon na kwantar masa a baya, na nuna masa inda zai riƙe don kada ya taɓa ƙugun. Ya miƙe da ƙyar, ya fara sauka a hankali, kafaɗunsa suna gogar bango hagu da dama, farar ƙasa tana shafar rigarsa. Mutumin da ban taɓa ganin ya ɗauki ko ledar cefane ba, ga shi goye da mahaifinsa yana lalube da ƙafa. Ina biye da su da naɗaɗɗen keke. Na ji Baba yana ce masa wani abu a kunne, ban ji ko mene ne ba, ban kuma tambaya ba.

Muka fito wani ɗan tsakar gida, bai fi shimfiɗar tabarma huɗu ba, da rumfar inabi a kansa. Tsohuwar ta jawo kujera, ta kawo ruwa a tulun gilashi, ta jiƙa tawul ta ɗora wa Baba a wuya kamar ta saba. Ya sha, ya sake sha, ya yi ajiyar zuciya. A hankali idonsa ya washe. Sai ta kama kujerar ta nuna mana mu juya ta.

Gaban tsakar gidan ba komai sai wata gajeriyar katanga iya gwiwa. Bayanta sarari ne. Dutsen ya yanke ya faɗa ƙasa, teku ya shimfiɗu har inda ido ya gaza. Ban san shuɗi yana da iri da yawa haka ba. Kusa da dutsen ya yi duhu kamar rinin baba, can gaba ya yi haske, can kuma rana ta zuba masa azurfa. Jirginmu da na ce unguwa ce, ga shi can ƙasa kamar ɗan takalmi fari. Ƙananan jiragen suna jan farin zare a bayansu. Hayaniyar lungun ta koma can nesa, ko da yake bango ɗaya ne tsakaninmu. Sai iska ta taso daga ƙasa, mai sanyi, mai gishiri, ta ɗaga gemun Baba.

Leɓensa kawai ke motsi. Maigida ya zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa. Da Baba ya buɗe baki, da ni ya yi magana.

"Zo nan. Ka ga can inda ruwan ya yi yamutsi kamar fatar tsoho? Iska ce take sauka a wurin. Ka ga wancan layin mai santsi da ya lanƙwasa? Ruwa ne ke gudu a ƙarƙashi. Mu da muke ciki, da jikin jirgi muke jin waɗannan, sai sun kama mu muke sani. Ashe daga sama a rubuce suke."

Ya share ido da bayan hannu, ya ce iska ce.

Tsohuwar ta kawo faranti da 'yan ƙananan tumatir da ɓaure da gutsuren burodi. Tumatirin nan bai kai goruba girma ba, wasu ma kamar kanya, amma zaƙinsa sai ka ce an sa zuma. Tana da ɗan Turanci, Maigida yana fassara mana. Ya ba ta haƙuri a kan damun da muka yi mata, ya ce lalle tana shan wahala da wannan jama'a.

Ta ɗaga kafaɗa. Ta ce wahala kam akwai. Akwai ranar da ta fito ta tarar da amarya da ango a kan rufin ɗakinta ana ɗaukarsu hoto. Idan za ta sayo burodi, sai ta fita da sassafe kafin jirage su iso. Amma ta ce tana yarinya an yi girgizar ƙasa, gidaje suka rushe, mutane suka yi ta barin tsibirin, har ya zama lungun nan kaf ba ka jin motsin kowa sai kyanwa. Ta ce wanda ya ga wancan shirun ba zai tsine wa hayaniya ba. Ita dai abin da take roƙo, su daina hawa mata rufi.

Baba ya ce a tambaye ta shekarunta. Ta faɗa. Ya ce a gaya mata ya girme ta, don haka ta daina kallonsa kamar ɗanta. Ta yi dariya har da dafa gwiwa, ta ce wanda aka goyo ba ya cika baki. Maigida ya yi jinkirin fassarawa, Baba ya matsa masa, da ya ji kuwa ya yi dariyar da ta sa shi tari.

Da za mu tafi, Baba ya ciro 'yar kwalbar turaren da ba ya rabuwa da ita ya miƙa mata. Ta buɗe ta shinshina, ta lumshe ido, ta sa a aljihu. Ita kuma ta tsinko reshen wani ganye mai ƙamshi daga tukunyar da ke bakin katanga ta soka masa a aljihun riga. Ta nuna mana wata hanya ta bayan gari, inda motoci ke bi, doguwa ce amma ba matakala. Maigida ya sake goya mahaifinsa zuwa ƙofa, wannan karon hawa ne, na ga jijiyoyin wuyansa sun tashi, amma bai bari na karɓe shi ba.

Hanyar bayan garin ta nuna mini wani tsibirin dabam. Ga masu sauke buhunan fulawa, ga mata masu wankin zannuwan otal suna shan iska a bakin ƙofa, ga gonakin inabi a gangare, an naɗe kowace kuranga a ƙasa kamar gammo saboda iska. Muka iske Uwargida da 'yan matan a wurin akwatunan, hankalinsu a tashe, hannuwansu cike da ledoji. Layin saukar ya fi na hawan. Muka bi shi, ba wanda ya yi ƙorafi, har Maigida. Yana tsaye da rigarsa mai shatin farar ƙasa, yana ba 'ya'yansa labari, yana ƙara wa matakalar tsawo.

Mun koma jirgi kafin faɗuwar rana. Muka haɗa azahar da la'asar irin ta matafiya, Baba ya yi tasa a zaune, ya kwanta, barci ya ɗauke shi nan take. Ni kuwa kafaɗuna kamar an yi mini duka. Na fita bayan jirgin inda ake samun sabis, na kira matata a Funtuwa. Jirgin ya fara motsi, garin can sama ya koma ruwan zinariya, jama'a sun yi baƙi a kan katangu suna jiran rana ta faɗi.

Na yi ta ƙoƙarin kwatanta mata. Na ce gari ne a kan dutse, fari fat, na ce mutane kamar ranar idi, na ba ta labarin keken da tsohuwar da goyon. Ta saurara har na gama. Sai ta ce:

"To su a saman dutsen nan, ina suke samun ruwa?"

Na ce ban sani ba.

"Ka sha ruwan mata, ba ka tambaye ta inda take ɗebowa ba?"

Na ce wallahi bai zo mini ba.

Ta ce, "Maza ke nan. Allah ya saka mata da alheri. Ka ci abinci kuwa?"

Na ce yanzu zan je. Ta ce in gaishe da Baba in ya tashi, ta kuma ba ni yaran ɗaya bayan ɗaya, kowa yana tambaya ko na ga babban kifi.